In tafi da karena Ingila, ko in bar shi a Kaduna?

Abban Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina bin hirarku ban taɓa cewa uffan ba, yau dai damuwa ta fito da ni. Maiɗakina ma'aikaciyar jinya ce, Allah ya sa ta samu aiki a wani asibiti a Leeds. Ita za ta wuce ƙarshen wata mai kamawa, ni da yara biyu mu bi bayanta idan an yi dogon hutu, nan da wata biyar ke nan. Gidan haya ne, za mu mayar wa mai shi. Mota na sa ta a kasuwa, kaji an rabar. Abu ɗaya ya rage da ke hana ni runtsawa: karenmu.

Sunansa Zaki, shekararsa 6, uwarsa Alsatian ce, ubansa karen gida. A kwalin indomi na ɗauko shi yana ɗan kwikwiyo. Ba ya shiga ɗaki, a tsakar gida yake, da 'yar rumfarsa kusa da tankin ruwa. Shekara 3 da suka wuce ina Abuja wajen aiki, wasu suka hauro katanga wajen ƙarfe biyun dare, daga matata sai yara a gidan. Shi ya tare su. Suka sare shi da adda a kafaɗa bai ja da baya ba, har maƙwabta suka fito da fitilu, mutanen suka tsere. Da na iso washegari na tarar da jininsa ya bushe a jikin ƙofar falo, daidai tsayin gwiwata. Ɗinki 14 aka yi masa. Har yau idan hunturu ya shigo yana ɗingisa ƙafar.

Tambayata biyu ce. Ana iya tafiya da kare daga Najeriya zuwa Ingila, kuma ta yaya? Sannan ya dace in yi hakan? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba don in ɓata maka ba ne. A unguwarmu akwai gidan da sau ɗaya ake ɗora tukunya a wuni. Kuɗin da za ka kashe wajen ɗora kare a jirgi zai riƙe marayu nawa? Ka ba wani shi kawai, ka kama gabanka.

Maman Zara, Bradford: Ɗan Fagge, ka karanta labarin har ƙarshe kuwa? Wannan dabba ta tsaya tsakanin adda da 'ya'yansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A bari ya samu amsar abin da ya tambaya tukuna, sai a zo kan dacewa.

Dakta Bashir, likitan dabbobi: Abban Hanifa, ana iya tafiya da shi, kuma ka yi sa'a da ka tambaya yanzu, don wata biyar ɗin nan da ƙyar za su ishe ka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Birtaniya ta raba ƙasashen duniya gida-gida bisa haɗarin ciwon haukan kare, Najeriya kuma tana cikin waɗanda ba a sa a jerin amintattu ba. Don haka akwai matakai, kuma jerin da za a bi su ya fi komai muhimmanci. Da farko a sa masa maikurocip, wata 'yar na'ura ce kamar ƙwayar shinkafa, ana tura ta ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu, tana ɗauke da lamba 15. Bayan an sa ta, ko a rana ɗaya, sai a yi masa allurar rigakafin hauka. Na san za ka ce ai duk shekara ana yi masa. Duk allurar da aka yi kafin a sa cip ba ta cikin lissafinsu, domin babu shaidar cewa wannan karen aka yi wa. Kuma ka tambayi likitan wace iri ce: wadda aka kashe ƙwayar cutar cikinta suke karɓa, ba mai rai da aka raunana ba.

Sai a jira aƙalla kwana 30, a ɗebi jininsa a aika ɗakin gwajin da suka amince da shi. Galibi waje ake aikawa, Afirka ta Kudu ko Turai. Abin da ake nema shi ne garkuwar jikinsa ta kai 0.5 IU (ma'aunin ƙarfin garkuwa ke nan) a kowane mililita na jini. Idan ta kai, sai a ƙirga wata uku daga ranar da aka ɗebi jinin, ba daga ranar da sakamako ya fito ba. Ka ga wata huɗu ke nan idan komai ya tafi daidai. Idan bai ci gwajin ba, a sake allura, a sake ƙirga daga farko.

Dab da tafiya kuma sai takardar lafiya ta Birtaniya da likitan gwamnati zai sa wa hannu, kuma dole karen ya shiga ƙasar cikin kwana 10 da ba da ita. Sai maganin tsila mai praziquantel, likita ne zai ba shi ya rubuta rana da lokaci, tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin ya sauka. A ɓangarenmu akwai izinin fitar da dabba daga sashen kula da lafiyar dabbobi na tarayya, jami'an NAQS, hukumar killace dabbobi da amfanin gona ta Najeriya, kuma su duba shi a filin jirgi. Aka kuskure ɗaya, za su iya killace shi har wata huɗu da kuɗinka, ko su mayar da shi inda ya fito.

Abban Hanifa: Likita na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To me ya sa suka tsananta haka? Kare na da lafiyarsa, katinsa na asibiti cike yake.

Dakta Bashir, likitan dabbobi: Don sun sha wuya kafin su rabu da ciwon. Tun 1922 rabon da a same shi a dabbobin ƙasa na cikin gida a Birtaniya. Mu kuwa har gobe ana kawo mana yaran da kare ya ciza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ne ke mutuwa da shi duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duk daga cizon kare ne. Ciwon yana iya kwanciya a jikin dabba makonni ko watanni bai nuna ba, shi ne hikimar jiran wata ukun. Da ma yanzu an sassauta. Kafin Janairun 2012, kare daga ƙasa irin tamu sai ya yi wata shida a killace ko da wace takarda ya zo.

Rifkatu, Manchester: Sannunku. Ni na yi wannan tafiyar da karyata a 2022, daga Jos. Abin da Dakta ya ce game da jeri, shi ya ci ni. An yi mata allura a watan farko, sai daga baya aka sa cip, ban san komai ba. Sai da ejan ya duba takardu ya ce a sake. Wata biyu suka tafi a banza.

Abin da mutane ba su sani ba, Birtaniya ba ta yarda dabba ta shigo a cikin ɗakin fasinja ko a matsayin jakarka ba, sai karnukan da ke taimakon masu naƙasa. A ɓangaren kago take zuwa, da takardarta daban, kuma ba kowane kamfanin jirgi ke ɗauka ba. Kuɗin ya fi na tikitina nesa ba kusa ba, domin da girman keji ake lissafi, ba nauyin kare kaɗai ba. Tawa ƙarama ce. Naka mai jinin Alsatian, kejinsa zai yi girma, don ƙa'idar ita ce ya iya tsayawa kansa bai taɓa sama ba, ya juya, ya kwanta a miƙe. Kuma ba a ba su maganin barci, yana iya kashe su a sama.

Wata ɗaya kafin tafiya na ajiye kejin a falo a buɗe, a ciki nake zuba mata abinci, na shimfiɗa mata tsohon zanina. Ranar da aka karɓe ta a Legas, ina jin kukanta har aka shige da ita, na zauna a kan dakali na yi nawa kukan. A filin jirgin Heathrow na Landan akwai cibiyar karɓar dabbobi, can ake kai su a karanta cip a duba takardu. Na yi sa'o'i ina jira. Da aka fito da ita ta jiƙa zanin da fitsari, jikinta na rawa, ta cusa kanta a hammatata ta ƙi fitowa. Kwana uku ta ware.

Wani abu kuma: ka tabbata tsakanin saukarka da tasa bai wuce kwana biyar ba. Idan ya wuce, a matsayin dabbar kasuwanci za su ɗauke shi, dokokin kuma daban ne. Kuma ka sa shi cikin takardar neman sassaucin kwastan ta masu ƙaura da kayansu, kada a caje ka haraji a kansa.

Malam Auwalu: Assalamu alaikum. An yi maganar hanya, bari in taɓa ɗaya tambayar, tunda mai tambaya Musulmi ne kuma ya ce ko ya dace.

Hadisi ya inganta cewa wanda ya riƙe kare, ba na farauta ba, ba na kiwo ba, ba na gona ba, ana rage masa lada ƙiraɗi guda kullum, a wata ruwayar biyu. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan idan akwai buƙata. Sananne ne a littattafan Malikiyya cewa Ibn Abi Zaid, mai Risala da muka karanta a zaure, katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Don haka riƙon da ka yi masa a Kaduna babu laifi ko kaɗan. Kuma a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki bauta ce da aka umarce mu da ita.

Inda gizo ke saƙar shi ne can. Idan ka kai shi gidan da babu tsakar gida, zai koma kwana a falo tare da ku, ga hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare. Kuma dalilin gadin ya yi rauni. Wannan ya kamata ka auna.

Amma kada wani ya fahimci cewa addini ya ce a yasar da shi. An gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, an azabtar da mace saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Wannan kare amana ce a wuyanka. Haƙƙinsa a ci da shi, a yi masa magani, kada a wulaƙanta shi. Haƙƙin bai ce lalle sai a Ingila ba.

Ɗan Fagge: To Alhamdu lillahi, abin da nake nufi ke nan, Malam ya fi ni iya faɗa.

Malam Auwalu: A'a ɗan'uwa, ba ɗaya ba ne. Kai ka ce a ba wani kawai. Ni wannan "kawai" ɗin nake tsoro.

Ummu Salma, Toronto: Malam ya taɓo inda ke min ciwo. Mu mun bar namu. Da za mu taho muka damƙa shi ga mai gadin gidan da muka tashi, duk wata ina tura kuɗin abincinsa. Wata biyun farko ana turo min hoto. A na biyun na ga haƙarƙarinsa a waje, aka ce zafi ne ya sa ba ya ci. Wata na huɗu aka ce ya tsinke sarƙa ya ɓata. Sai bayan shekara wata maƙwabciyarmu ta gaya min masu yawo suna sayen karnuka aka sayar wa, da idonta ta ga an sa shi a buhu. Shekara takwas yana gadinmu. Har yau ban gaya wa yarana gaskiya ba. Abban Hanifa, idan za ka bar shi, ka bar shi a hannun wanda yake son kare don kansa, ba wanda yake son kuɗin da za ka riƙa turowa ba.

Maman Zara, Bradford: Inna lillahi. Allah ya ba ku haƙuri Ummu Salma.

Yayana Abban Hanifa, ni na tare maka ɗazu, amma yanzu zan gaya maka abin da ba za ka so ji ba. Shekarata 11 a nan, Leeds kuma maƙwabtanmu ne, minti ashirin a jirgin ƙasa. Samun haya ga sabon zuwa, wanda ba shi da tarihin biyan kuɗi a ƙasar, aiki ne ja ko babu kare. Gida ɗaya mutum goma ke nema. Da ejan ya ji "muna da babban kare", sai ya ɗauki na bayanka. Tun 2019 doka ta taƙaita kuɗin ajiya zuwa hayar mako biyar, mai gida ba zai iya ƙara ajiya saboda dabba ba, shi ya sa da yawa suke gudun abin tun daga farko.

A ce ma an samu. Yawancin gidajen da sabon zuwa ke iya biya jere suke, bango ɗaya da maƙwabci, bayan gida ɗan fili ne da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Zaki ya saba ya yi haushi duk motsin da ya ji da dare, aikinsa ke nan, a kansa kuke yaba masa. A nan kwana uku ya yi haka maƙwabta za su kai ƙara ƙaramar hukuma. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ga ruwa ga iska, kuma dole wani ya ja shi yawo safe da yamma da leda a hannu yana kwashe kashinsa, in ba haka ba tara. Madam tana aikin dare, kai kana neman abin yi, yara suna makaranta. Wa zai zauna da shi? Masu kula da dabbobi a nan shawararsu kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa huɗu. Asibitin dabbobi kuma babu kyauta, ko inshora ko aljihunka, kuma inshora ba ta biyan ciwon da dabba ta zo da shi, kamar wannan kafaɗar.

Ba na cewa ba zai yiwu ba. Ina cewa ka duba ko Zaki za ka yi wa alheri, ko zuciyarka za ka sanyaya.

Rifkatu, Manchester: Anti ta faɗi gaskiya, kuma akwai abin da ya fi wannan. Tawa ta tashi a ɗaki, ta saba da baƙi, ba ta taɓa cizon kowa ba. Naka an koya masa cewa duk baƙon da ya ƙetare ƙofa abokin gaba ne. A nan mai kawo wasiƙa har bakin ƙofa yake zuwa kullum, ga masu kawo saƙo, ga yaran maƙwabta. Akwai dokar karnuka masu haɗari ta 1991, kuma tun 2014 ta shafi har cikin gidanka. Idan ya ciji mai wasiƙa, kai za a gurfanar, shi kuma kotu na iya cewa a kashe shi. Ga wanda ke zaune da biza, shari'a irin wannan ba ƙaramin abu ba ce. Jininsa dai ba ya cikin waɗanda aka haramta, irin su Pit Bull da Tosa da XL Bully, wannan ba matsala. Halinsa ne abin dubawa. Ka gwada shi tun yanzu: ka sa masa igiya ka fita da shi titi inda mutane da wasu karnuka suke, ka ga yadda zai yi.

Isufu Maraɗi, Lyon: Salamu alaikum 'yan'uwa. Nan Faransa da sauran Tarayyar Turai ma ƙa'idar jini guda ce, kwana 30 da wata uku. Bambancin shi ne nan wasu jirage na yarda kare ya biyo mai shi a jirgi guda, a wurin kaya, abin ya fi sauƙin kuɗi. Shi ya sa wasu ke sauka Faris, su shiga mota zuwa Calais, su ƙetara da jirgin ƙasan da ke bi ƙarƙashin teku zuwa Folkestone, minti 35. Amma sai kana da izinin shiga Faransa kai kanka, kuma takardun ɓangare biyu za ka haɗa. Da yara biyu da kaya, ni ban ba ka shawara ba.

Hajara: Don Allah a gafarce ni in shigo da tawa. Mu Amurka za mu, ƙa'idar ɗaya ce?

Yusuf, Houston: Ƙanwata ba ɗaya ba ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fito da sababbin dokoki daga 1 ga Agustan 2024. Kare sai ya kai wata shida, da cip, da fom ɗinsu da ake cikewa ta intanet. Najeriya tana cikin ƙasashe masu haɗari a wurinsu, don haka wanda aka yi wa allura a Najeriya sai an kama masa wuri tun kafin tafiya a ɗaya daga cibiyoyin da suka yi wa rajista, kuma a filin jirgin da cibiyar take zai sauka, kamar JFK ko Atlanta ko Dulles. Idan babu sakamakon jini daga ɗakin gwajin da suka yarda da shi, kwana 28 a killace. Ki buɗe naki zaren mu yi bayani, kada mu karkatar da na Abban Hanifa.

Baba Alhaji: Yaro, na karanta duka. Ni na yi kiwo kafin in yi boko, kuma na riƙe karnuka. Kare mai shekara shida ya wuce rabin rayuwarsa, irin waɗannan manyan ba su cika wuce goma sha biyu ba. Abin da ya sani a duniya shi ne ƙasa mai ɗumi da zai kwanta a kai, da fili, da aikin da zai yi da dare. Kana da ɗan'uwa na jini mai gona ko gidan kaji? Ba mai gadi ba, ba aboki ba, ɗan'uwan da idan ya ci amana za ku haɗu a gaban mahaifiyarku.

Abban Hanifa: Baba, Allah ya ƙara girma. Akwai ƙanina a bayan Zariya, yana da gidan kaji da katanga, kuma ɓarayi sun taɓa damunsa. Ya taɓa roƙona in ba shi Zaki na hana. Matarsa ce ke tsoron kare. Sai kuma Hanifa. Shekararta 9, daren da abin ya faru tana leƙe ta taga, ta ga komai. Ita ke wanke masa ciwon da ruwan gishiri har ya warke. Tun da ta ji maganar tafiya, tambayarta ɗaya ce, a wace kujera Zaki zai zauna a jirgi. Ban iya ba ta amsa ba.

Maman Zara, maganarki ta shige ni. Jiya da daddare na fita na zauna kusa da shi ina tambayar kaina wannan tambayar taki.

Dakta Bashir, likitan dabbobi: To ga shawarata, kada ka yanke hukunci yau. Ka kama hanya biyun a tare. Cip da allura ba su da tsada sosai, kuma ko a Zariya zai zauna suna da amfani. Ka yi su a makon nan don agogo ya fara tafiya. Asibitin koyarwa na dabbobi na ABU yana nan kusa da ƙaninka. A duba masa jini saboda cututtukan kaska, a duba zuciyarsa da kafaɗar, domin kare mai ciwon zuciya ba a ɗora shi a jirgi. A lokaci guda ka fara kai shi gonar, kwana biyu, sannan mako, kana nan kana gani da idonka. Madam kuma idan ta sauka ta ga irin gidan da za ta iya samu. Nan da wata biyu amsar za ta fito da kanta. Abu ɗaya: sakamakon jinin yana ci gaba da aiki muddin ba a bar allurar ta ƙare ba a sabunta. Ko bayan shekara kuka samu gida mai fili, ƙofa a buɗe take, sai dai ku kula da ƙa'idar kwana biyar da Rifkatu ta faɗa.

Malam Auwalu: Wannan shawara ta yi. Kuma ka tafi da yarinyar duk zuwan da za ka yi, ta ga inda yake kwana, ta ga wanda ke ba shi abinci. Kada a ɓoye mata komai.

Ɗan Fagge: Abban Hanifa, na koma na sake karanta labarinka a natse. Na yi gaggawa ɗazu, ka yafe ni. Ina nan a kan cewa kuɗin jirgin ya yi yawa, amma ban kyauta ba da na ce a ba wani kawai.

Abban Hanifa: Babu komai ɗan'uwa, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Abban Hanifa: Jama'a, na dawo bayan kwana goma in ba ku labari. Ranar Litinin ɗin da ta wuce an sa masa cip an yi allura, likitan ya karanta min lambar na rubuta a bayan katinsa. Zuciyarsa lafiya, amma an samu ciwon kaska kaɗan, yana shan magani. Na gwada abin da Rifkatu ta ce, na fita da shi bakin titi da igiya. Mutane bai kula su ba. Da wani mai babur ya tsaya dab da Hanifa zai tambaye mu hanya, sai da na riƙe shi da hannu biyu, igiyar ta yanke min tafin hannu.

Daga asibiti muka wuce gonar. Kwana biyu bai ci komai ba, yana kwance a bakin ƙofa inda motata ta fita. Rana ta uku ɗan ƙanina mai shekara 12 ya zauna nesa da shi da kan kaza a kwano, bai matsa ba bai yi magana ba, har Zaki ya taso da kansa ya ci. Daren nan ya yi haushi sau biyu, ƙanina ya fita ya tarar da muzuru a bayan kejin kaji. Matarsa har yanzu ta taga take kallonsa, amma ita ta dafa kan kazar.

Da muka je ɗauko shi ranar Asabar, Hanifa ta zagaya gonar gaba ɗaya, ta duba rumfar da aka yi masa, ta ce rufin yana yoyo a gyara. A mota ba ta yi magana ba har Mararraba, sannan ta ce idan an bar shi, wa zai riƙa shafa masa man zafi a kafaɗa da hunturu. Na ce ta koya wa ɗan'uwanta. Ta ce sai ta ga hannunsa tukuna.

Mako mai zuwa zan mayar da shi ya yi kwana bakwai. Dakta, kwana 30 ɗin za su cika bayan ya dawo daga gonar. A ɗebi jinin a ranar, ko in ƙara kwana biyu saboda maganin kaskar da yake sha?

Dakta Bashir, likitan dabbobi: Ƙara kwanaki ba ya ɓata komai, ragewa ce ke ɓatawa. Ka bari ya gama maganin, likitan da ke duba shi ya tabbatar ya murmure, sannan a ɗiba. Kuma kafin allura ta taɓa jijiyarsa a sake karanta cip ɗin a gabanka, ka haɗa lambar da wadda aka rubuta a jikin kwalbar da kan fom, ɗaya bayan ɗaya, duka 15 ɗin.